Sa Hannun Injiniya

Amarya na tsugune a bakin famfo tana wanke wa 'yarta hannu, sai ta jiyo muryarta na fitowa daga falon Hajiya. Muryarta ita kanta! Tun da ta dawo daga shago ba ta ce wa kowa uffan ba in ban da gaisuwa, amma ga ta can tana zuba bayani tiryan-tiryan, har da 'yar dariyar nan da take yi in kunya ta kama ta.

"Amarya!" Yaya Babba ne ya ƙwala kiran, irin kiran da ba a amsa shi daga zaune.

Shekararta shida a gidan, 'yarta ma da ake kira Tsuntsuwa saboda surutu ta cika huɗu, amma sunan Amarya ya bi ta ya zauna, don ba a sake kawo wata bayanta ba. Hajiya, uwar mijinta, ita ke ɗakin gaba. Yaya Babba, wan mijin, yana sama da iyalinsa. Ita da mijinta kuwa, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran wutar lantarki da yake yi, suna can ɗakuna biyu na ƙurya.

Ta yi sallama ta shiga ta durƙusa. Hajiya na kan kujera da carbi a hannu, amma ba ta ja. Injiniya na zaune a ƙasa, ko kayan aiki bai cire ba. Wayar Yaya Babba na tsakiyar tebur.

"Saurara da kyau," in ji Yaya. "Wataƙila ba ki san kin yi suna ba."

Ya danna. Ga ta nan a bidiyo, tsaye cikin mata a bayan shagon ƙawarta Mai Kitso, ranar da aka yi taron Sista, mai takarar majalisa.

"Ni ba 'yar siyasa ba ce, tela ce," muryar ke cewa. "Shekara biyu ke nan da na zo haihuwa ta biyu, jini ya ɓalle mini. Ɗan bai zo da rai ba, ni ma da ƙyar aka ceto ni. Likita ya ce in na sake ɗaukar ciki kafin shekara uku, to sai dai wani ikon Allah. Asibiti suka ce ba za su sa mini ashanar tazarar haihuwa a damtse ba sai miji ya sa hannu. Ni Allah ya ba ni miji mai tausayi, ya sa. To wadda nata ya ƙi fa? Ta mutu ke nan? Sista ta ce in ta shiga majalisa za ta tsaya a bar mace ta sa wa lafiyarta hannu da kanta, a yi awon ciki kyauta, a ajiye jini a kowane ɗakin haihuwa. Ni kam ita zan zaɓa!"

Aka yi tafi a cikin wayar. A falon kuwa babu wanda ya motsa.

Sista tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, shekara talatin ta yi a ɗakin haihuwa kafin ta ajiye aiki ta fito takara. Wanda take karawa da shi Onarabul ne mai ci yanzu, kuma Yaya Babba shi ne jagoran kamfen ɗinsa a unguwar. Fostar Onarabul ma har a jikin ƙofar gidan an manna. Kun ga kuwa a ce daga cikin gidan jagora aka samu mai tallar Sista, ai abin ya yi masa ciwo.

Amma Hajiya ba zancen ƙuri'a ne ya dame ta ba. Shekara biyu cur tana roƙa wa Amarya haihuwa, tana aikawa a samo magani, ta jiƙa da hannunta ta tsaya a kanta har ta shanye. Ta dubi Injiniya.

"Kai. Da saninka?"

Injiniya mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai kirkin nasa irin na wanda bai taɓa cewa a'a a gaban na gaba da shi ba ne. Tun mahaifinsu ya rasu Yaya ne ya riƙe shi, ya kai shi koyon aiki, ya tsaya masa har ya yi aure. Ya dubi Hajiya, ya dubi Yaya, ya mayar da idonsa kan tabarma.

"Ni... ni ban san da maganar ba, Hajiya."

Amarya ta ɗago kai ta dube shi. Bai ɗago ba. Ta buɗe baki, sai ta ga yadda ya takure a gaban uwarsa, ta rufe bakin.

"Kin ji ko?" Yaya ya buga tebur. "Ta ci amanar miji, ta ci amanar uwar miji, ta kuma yi masa ƙarya a bainar jama'a! To saura kwana goma sha biyu zaɓe. Na ba ki kwana goma. Za ki tsaya a gaban wayar nan ki ce matan Sista ne suka yaudare ki, kin yi nadama. In kin ƙi, ga biro ga takarda, shi zai rubuta miki."

"A kawo mini Tsuntsuwa ɗakina," in ji Hajiya, ba tare da ta dubi kowa ba. "Kai kuma ka koma ɗakin waje har a ga abin da hali ya yi."

Babu wanda ya zage ta bayan ranar, babu wanda ya ɗaga mata murya. Da ma sun yi hakan, da ya fi mata sauƙi. In ta gai da Hajiya da safe, sai carbi ya amsa. In ta shiga kicin, matar Yaya ta tuna ta bar wani abu a sama. Abincin da ta dafa ranar girkinta haka aka dawo mata da shi a rufe, ko murfi ba a ɗaga ba. Ta zauna ita kaɗai a bakin gado da kwano a gaba, ta ci loma biyu ta ture.

Ɗakin nan da kullum take mitar ya yi musu kaɗan, sai ga shi ya yi mata faɗi. Takalman Tsuntsuwa na nan a bayan ƙofa, ƙusar da Injiniya ke rataye jakar aikinsa ta zama wayam. Takan jiyo surutun yarinyar daga ɗakin gaba, ta tsaya jikin taga tana sauraro har a yi shiru. Rannan yarinyar ta sulalo ta leƙo.

"Mama, wai kin yi laifi ne?"

"Wa ya ce miki?"

"Hajiya ta ce kada in dame ki, kina tunani. Kin gama tunanin?"

"Saura kaɗan. Maza koma kada a neme ki."

Tana fita Amarya ta kifa kai a kan filo ta yi kuka mai isarta. Ta kira mahaifiyarta a waya, can wani gari mai nisa, amma da ta ji tsohuwar na tari tana tambayar ko lafiya, sai ta ce lafiya lau, gaisuwa ce kawai.

Abin da ya fi cin ranta shi ne tana da shaida. A ƙasan akwatinta, cikin wata tsohuwar leda, katin asibitin na nan, da sa hannun Injiniya ɓaro-ɓaro, har da kwanan wata. Sau biyu tana fito da shi, ta riƙe, ta nufi ƙofa. Sau biyu kuma tana dawowa ta mayar. In ta nuna, ta wanke kanta, amma ta tsayar da mijinta a gaban uwarsa a matsayin maƙaryaci, kuma ita ce ta tsayar da shi. Ta san halinsa. Zai yafe mata a baki, amma ba zai sake iya haɗa ido da ita ba har abada, kuma ita auren da babu haɗa ido ba ta san amfaninsa ba.

Shagonta ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka, sai madubi mai tsaga a gefe. Kashegarin ranar da abin ya faru, ko zama ba ta yi ba Mai Kitso ta faɗo, hannu duk man kitso, ido ya yi ja.

"Ƙawata, sori! Wallahi sori! Gurup ɗinmu na mata kawai na tura, don maganarki ta taɓa ni. Na manta shaf matar Yayanku na ciki! Na yi dilit, amma ina, ya riga ya zaga."

"Magana zarar bunu ce," in ji Amarya. "Ni na faɗa, ba ke ba. Na ga mu ya mu ne, sai na saki baki."

"To ki nuna musu katin mana! Ai kin ce yana nan. Namiji ya tsaya a gaban mutane ya zame ya bar ki, ke kuma kina rufa masa asiri? Ni ce, da tuni na yi masa fotokwafi ɗari na manna a kan fostar Onarabul!"

Amarya ta yi murmushin da bai kai ciki ba, ta zura zare a allura.

Kwastomomin da ke zuwa ta hanyar gidansu suka ɗauke ƙafa. Wata ma ta aiko a karɓar mata atamfarta ko yankawa ba a yi ba. Takan wuni tana taka keke ita kaɗai, babu mai cewa sannu. Amma daga kwana na uku sai ta lura da wani abu. Mata suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowacce da ɗan uzurin da bai kai a zo wurin tela ba: wannan maɓalli ya cire, waccan zif ya ɗan cije. Sai ta karɓa ta sunkuya tana gyarawa, mai kayan ta matso kusa ta rage murya.

"Wai ashanar nan, da ciwo?"

"In aka cire ana sake haihuwa?"

Ta gaya musu abin da ta sani, abin da ba ta sani ba ta ce su je asibiti su tambaya. Wata ta zo da rigar da babu abin da ya same ta, goye da jariri, wani na riƙe da zaninta, ga kuma ciki ya fara tasowa. Ta daɗe tana juya rigar a hannu.

"Ni an yi mini tiyata sau biyu," ta ce. "Likita ya hana in sake ɗaukar ciki. Na kai wa maigidana takardar har shago, ya ce shi ba ya sa hannu a abin da bai gane ba. Yanzu ga na uku." Ta shafa cikin. "Ki sa ni a addu'a, tela."

Bayan ta tafi Amarya ta daɗe zaune da almakashi a hannu ba ta yanka komai ba. Da ma tana son Sista, amma daga ranar ta san ko za a yanka ta ba za ta iya tsayawa a gaban waya ta ce an yaudare ta ba.

Sista da kanta ta zo a kwana na shida, ba jiniya ba 'yan rakiya, gajeruwar mata mai tabarau da takalmi shimfiɗaɗɗe. Ta zauna a kan bencin kwastomomi ta ce a ba ta ruwa.

"'Yata, labari ya iske ni. Na hana yarana yaɗa bidiyon. Ki ji ni da kyau: ƙuri'a ɗaya ba ta kai aure ba. In faɗin abin da suke so zai zaunar da ke a ɗakinki, ki faɗa, ba zan riƙe ki ba. An faɗa mini abin da ya fi wannan."

"Sista, matan da ke zuwa nan suna tambayata fa? In na ce yaudara ce, gobe wace ce za ta je asibiti?"

Sista ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa.

"Allah ya ba mijinki ƙarfin zuciya," ta ce, ta miƙe.

Shi kuwa mijin, kwana bakwai yana zillewa. Ya fita tun kafin ta buɗe ƙofa, in suka yi kiciɓis a tsakar gida sai ya tsiri amsa wayar da ba ta yi ƙara ba. A rana ta takwas da azahar sai ga shi a ƙofar shago da jakar aiki. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi datti.

"An ce... na ji an ce ƙwan shagon nan na rawa."

Ƙwan lafiyarsa lau, yana ci tar. Amarya ta dubi ƙwan, ta dube shi.

"To a duba," ta ce.

Ya jawo kujera ya hau, ya kwance ƙwan, ya hura, ya mayar, ya sake kwancewa. Da silin yake magana.

"Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Ba kya ci. Ina ganin kwanukan." Ya juya ƙwan a hannu. "Amarya, ki yi musu bidiyon nan kawai. Minti ɗaya ne. Zaɓe na wucewa kowa zai manta, mu koma yadda muke. Don Allah."

"Yadda muke?" Ta tsayar da keken. "Baban Tsuntsuwa, kai ka riƙe mini hannu ranar da aka sa abin nan. Kai ka ce, in duniya za ta taru a kanmu, kai ka ji ka gani. Duniya ba ta taru ba, mutum biyu ne kawai suka tambaye ka."

"Hajiya ce fa! Yaya ne fa! Ya zan yi in dubi idonsu in ce shekara biyu ina ɓoye musu?"

"Ni ya na yi nake duban idonsu kullum?"

Ta buɗe jakarta ta fito da ledar nan, wadda ta kwana biyu tana yawo da ita don zuciyarta ta ƙi amincewa ta bar ta a gida. Ta miƙa masa sama.

"Karɓi."

Ya leƙa ciki, ya ga katin, ya ga sa hannunsa. Saura kaɗan ya faɗo daga kujerar.

"Shi kaɗai ne shaidata," ta ce. "Ka riƙe, ka ƙona, ka yi yadda ka so. Ina tsoron ranar nan in zafi ya yi zafi in fito da shi, in kunyata ka da hannuna. Gara ya bar wurina. Ba zan tona maka asiri ba, ba kuma zan yi wa Sista ƙarya ba. In takardar saki ce, ka rubuta da kyau yadda zan iya karantawa."

Ta koma ta ci gaba da taka keke don kada ya ji muryarta ta karye. Ya sauko, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya fita. Sai da ya yi nisa ta ga ashe da ƙwan ya tafi a hannu, ya bar mata shago a duhu.

Rana ta goma bayan la'asar aka sake taruwa a falon Hajiya. Yaya Babba ya sha sabuwar hula, ya rubuto abin da za ta faɗa a takarda da manyan baƙaƙe. Matarsa aka ba wayar ta riƙe. An tura Tsuntsuwa sama wurin yara.

"Ki gyara mayafi, ki kalli nan," in ji Yaya. "In kin yi kuka ma ya fi kyau. Fara!"

Amarya ta karanta takardar a zuci daga sama har ƙasa. Ta ninke ta, ta ajiye a gaban Yaya da hannu biyu.

"Yaya, ka yi haƙuri. Babu wanda ya yaudare ni, don haka ba zan ce an yaudare ni ba." Ta juya ga Hajiya, hawaye na zuba. "Hajiya, ɓoye miki da na yi laifi ne babba, na sani, ki yafe mini don Allah. Bayan wannan ba ni da abin cewa."

"To da sanin mijinki kika yi ko babu saninsa?" Yaya ya daka mata tsawa. "Faɗa mana!"

Ta sunkuyar da kai.

"Shi ke nan, ta zaɓa." Ya zaro biro daga aljihu, ya yago takarda, ya dangwara a gaban ƙanensa. "Rubuta!"

Injiniya ya ɗauki biron. Ya ɗora a kan takardar. Amarya ta rufe ido, tana jin ƙarar agogon bango, tana tunanin wace jaka za ta ɗauka, da ko za a bar ta ta yi wa yarinyar sallama.

"Ƙarya na yi, Hajiya."

Ta buɗe ido. Ya ajiye biron, ya durƙusa a gaban uwarsa, kuma a karon farko cikin kwana goma kansa a ɗage yake.

"Ƙarya na yi miki ranar nan. Da sanina. Ni na sa hannu, ni ma na roƙi likita a yi. Ku kun zo asibiti bayan an gyara ta, an canja mata kaya. Ni na ɗauke ta daga mota, jininta ya jiƙa mini riga har cikin singileti. Ni aka kira gefe aka ce in kira 'yan'uwanta. Na tsaya a barandar nan ina tunanin abin da zan gaya wa Tsuntsuwa in ta tambaye ni uwarta. Da Allah ya dawo mini da ita, likita ya ce shekara uku, wallahi ko goma ya ce zan sa hannu! Ni na ce mata kada a gaya miki, don ina jin nauyinki. Laifin nawa ne, ita kuma ta ɗauka ta yi shiru kwana goma."

"Kai, rufe mana baki!" Yaya ya miƙe tsaye. "Ta shanye ka ne! Ina shaidar ka sa hannu?"

"Ni ne shaidar, Yaya. Ka riƙe ni, ka yi mini abin da uba ke yi, ba zan manta ba har in mutu. Amma takardar nan ba zan rubuta ba."

"Ke, sauke wayar nan," in ji Hajiya. Matar Yaya ta sauke, ita ma tana share ido da gefen hannu.

Hajiya ta daɗe tana kallon Amarya.

"Maganin da nake jiƙa miki, kina sha?"

"Ina sha, Hajiya."

"Mai ɗacin nan? Shekara biyu? Kina sane ba zai yi komai ba?"

"Na ga da hannunki kike jiƙawa."

Sai tsohuwar ta fashe da kuka, kukan da ba a taɓa ji daga gare ta ba tun rasuwar maigidanta.

"Ni dodo ce? Ni dodo ce da za ku ɓoye mini ran yarinya ne a ciki? Da kun faɗa, ai da ƙafata zan kai ta! Ko an gaya muku ni ban san ɗakin haihuwa ba? Kai da kake durƙushe nan, kwana biyu na yi ban san inda kaina yake ba a haihuwarka." Ta share fuska da mayafi, ta juya ga babban ɗanta. "Kai kuma ɗauke takardarka. Ka je ka yi siyasarka a titi, ba a ɗakin ƙanenka ba. A sauko mini da Tsuntsuwa, ta koma wurin uwarta, duk ta cika mini kunne."

Yaya Babba ya suri wayarsa ya fice, ya bugo ƙofa har labule ya tashi. Wata uku ya yi ba ya amsa gaisuwar ƙanensa, sai da Hajiya ta sa baki sannan ya fara amsawa da ka.

Sista ta ci zaɓen da ƙyar da jiɓin goshi, a akwatin unguwarsu ma Onarabul ne ya yi rinjaye. Ba duk abin da ta yi alkawari ne ya samu a shekarar farko ba, amma ba ta bar maganar ta kwanta ba.

Ku kuma 'yan mata da samari masu karatu, ku riƙe wannan. Mahaƙurci mawadaci ne, gaskiya ne, amma haƙuri daban, yarda da ƙarya daban. Amarya ta haƙura da gaba da kaɗaici, ta rufa wa mijinta asiri, ba ta kuwa sayar da gaskiyarta don ta zauna a ɗaki ba. Ɓoye-ɓoyen da suka yi wa tsohuwa don kunya shi ya kusa raba su, da sun faɗa tun farko da ba a kai nan ba. Namiji kuma in ya tsaya wa lafiyar matarsa, to ya tsaya a fili, don ba abin kunya ya yi ba.

Ita dai Amarya, in ana zancen zaɓen nan, ba ranar sakamako take tunawa ba, safiyar jefa ƙuri'a take tunawa. Tare suka fito, shi da Tsuntsuwa a kafaɗa, ita a gefensa, suka ratsa layin unguwa kowa na kallo. A bakin rumfar zaɓe wasu samarin Onarabul na zaune a kan benci, labari kuwa ya riga ya kai musu.

"A'a, ga Injiniya!" ɗaya ya ɗaga murya. "Mijin-ta-ce! An ba ka izinin fitowa ke nan?"

Aka kwashe da dariya. Amarya ta saci kallonsa, tana jiran ta ga ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba.

Injiniya ya tsaya, ya gyara wa yarinyar zama a kafaɗarsa, ya dubi mai maganar ido cikin ido.

"Na gode," ya ce. "Gara a kira ni mijin-ta-ce da a kira ni mijin marigayiya."